Wa yake biyan arhar ɗanwaken Minjibir? (zare)

1/
Makon jiya wani abokina ɗan birni ya biyo ni gida Minjibir. Na kai shi wurin mai ɗanwake, muka ci muka yi nak, muka kora da fura. Abin da na biya bai kai kuɗin shawarma ɗaya a inda ya saba zuwa ba. Sai ya ce: "Kai, ku 'yan ƙauye kun huta, abinci kamar kyauta."

2/
Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai. Ni jikan mai ɗanwake ne, kuma mahaifiyata 'yar talla ce tana yarinya. Na san inda arhar nan take fitowa. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo. Za mu koma baya shekara 200, mu dawo kan kwanon da muka ci.

3/
Ga wanda bai san wurin ba: Minjibir ƙaramar hukuma ce a arewa maso gabashin birnin Kano. Akwai Kunya, Kantama, Wasai, Sarbi, Kuru, Azore, Tsakuwa da sauransu. A ƙidayar 2006 mun haura mutum dubu 200. Gona na manne da gona, gida na hango gida. Da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga mutum ba.

4/
In ka zo da ɗan canji a aljihu, ga yadda za ka yi. Da sassafe koko da ƙosai a bakin hanya. Da hantsi waina da miyar taushe, ko ɗanwake da mai da yaji. Da rana fura da nono, ko kwaɗon zogale, ko garau-garau. Da yamma awara da gurasa bandashe. Bayan isha'i mai tsire da mai shayi.

5/
Galibin wuraren nan babu allo, babu suna. Benci ne, ko tabarma a inuwar darbejiya, ko zauren wani gida. Wanda ya sani ya sani. In baƙo ne kai, tambayi ɗan acaba ko ɗan dako inda yake ci. Su ba sa kuskure, don da guminsu suke biya.

6/
To yanzu tarihi. A 1824 wani Bature ɗan Sikotilan, Hugh Clapperton, ya shigo Kano a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya zaga kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) take ci, ya rubuta abin da ya gani. Cikin abin da ya burge shi har da masu abinci.

7/
Ya ce kusa da mahauta akwai masu gashi a fili: wuta a tsakiya, tsinkaye a kewaye, yanka na nama yanka na kitse. Mace na zaune da faifai a cinya tana zuba wa masu ci, su kuma sun tsuguna sun kewaye ta. A gefe ana sayar da abin sha na gero. Malam, tsire da fura ke nan. Shekara sama da 200.

8/
Bayansa a 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya zo. Shi ya yi lissafi cewa iyali guda a ƙasar Kano za su iya rayuwa shekara cur, har da sutura, da wuri dubu 50 zuwa 60. A kuɗin Ingila na lokacin fam huɗu zuwa biyar ke nan. Arhar ƙasar ta ba shi mamaki ƙwarai.

9/
A nan ne ya kamata mu tsaya. Duk wanda ya kawo muku wannan lissafi na Barth don ya ce "da can an ji daɗi", ku tambaye shi: wa ke noman hatsin? Manoma 'yantattu suna yi, gaskiya ne. Amma bayi ma suna yi, da yawansu, a gandayen sarauta da na attajirai.

10/
Ba nisa ma. Fanisau, nan maƙwabtanmu a Ungogo, gandun sarki ne babba da bayi ke nomawa. Can Clapperton ya je ya gaida Sarki Dabo. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya yi littafi guda a kan gandayen Fanisau. Hatsin da ya cika kasuwa har ya yi arha, wani ɓangarensa gumin wanda ba a biya ba ne.

11/
Ku riƙe wannan, don shi ne kan zaren: duk inda ka ga abinci ya yi arha sosai, akwai wanda ya biya cikon. Abin da ke sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne waye. Mu ci gaba.

12/
Abu na biyu da ya sa talaka ke iya sayen dafaffe shi ne ƙanƙantar kuɗin. Wuri fa ɗan mitsitsi ne, kuma kalmar "kuɗi" asalinta jam'in wuri ce. Da wuri kaɗan za ka sayi dunƙulen fura ɗaya. Mai sayarwa tana iya gutsura abincinta daidai abin da ke hannunka.

13/
Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka kawo nasu kuɗin, tsarin bai mutu ba. Aka samu anini, wanda goma ne ke yin kwabo, ga ɗari, ga taro, ga sisi, ga sule. Tsofaffinmu har gobe suna cewa "ko anini ba ni da shi". A da aninin nan abinci yake saye, ba karin magana ba ne kawai.

14/
Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912. Ƙauyukan da ke kewaye da birni suka duƙufa noman ta. Ku kun san hoton dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da mata suka yi da gyaɗar da ta rage a gida.

15/
Su suka soya, suka daka, suka matse mai, suka mayar da tunkuza ƙuli-ƙuli. Man ya tafi kaskon ƙosai da kan ɗanwake. Ƙulin ya tafi kwaɗo, ya tafi jikin tsire, ya tafi bandashe. Ku cire gyaɗa daga abincin titi na Kano ku ga abin da zai saura.

16/
A daidai wannan zamani kuma bauta tana mutuwa a hankali, har aka haramta ta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Auren kulle, wanda a da ya fi yawa a gidajen malamai da masu hali, ya bazu har ƙauye. Mata da yawa suka bar gona suka koma cikin gida. Amma ba su zauna hannu rabbana ba.

17/
Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, daga baya ta yi aiki a Ɗorayi ta Kano a farkon shekarun 1970. Ta gano kusan kowane gida kasuwa ne. A 1969 ta yi rubutu a kai, ta kira abin ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa.

18/
Mu a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san gidan mai fura, gidan mai mai, gidan mai daddawa. Gwamnati ce ba ta gani, masu ƙididdiga ne ba sa gani. Mace tana cikin ɗaki ba ta taka waje ba, amma ta san farashin kwanon wake a kasuwanni uku.

19/
Hill ta lura da abu biyu da suka sauƙaƙa kulle a ƙauyukan Kano: ruwa yana kusa, ana haƙa rijiya a cikin gida, sannan ga jakai masu ɗaukar kaya. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankinmu tun shekarun 1960, ya nuna yadda jakai ke kai itace birni su dawo da taki a mangala. Komai a kusa, ba kuɗin mota.

20/
Tsarin cin abincin ma haka yake. Tuwon dare a gida ake tuƙawa, maigida ne da hatsi. Da safe ɗumame ko koko. Amma na rana, a gidaje da yawa, saye ake yi daga maƙwabta. Mace ɗaya ta hura wuta ta ciyar da gida goma. Itace ya yi auki, lokaci ya yi auki.

21/
Kuma Minjibir garin masaƙa ne tun da daɗewa. Mutumin da ya wuni a kan masaƙa, ko marini, ko ɗan cirani, ko almajiri, ko wanda ya taho kasuwa daga nesa, duk ba mai dafa musu da rana. Su ne kwastomomin farko. Sana'a ce ke ciyar da sana'a.

22/
Yanzu bari in shigo da Iya, kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta. Shekara sama da 40 tana ɗanwake. Garin wake, garin rogo, kuka, ɗan ruwan kanwa. Ta kwaɓa, ta riƙa gutsura da yatsu tana jefawa a tafasasshen ruwa. Ko kallon tukunyar ba ta yi, amma duk girmansu ɗaya.

23/
Tun kafin kiran assalatu take tashi. Kafin injin niƙa ya wadata, turmi ne da dutse. Na taɓa tambayarta, "Iya, nawa kike samu a rana?" Ta ce, "Kai maigidan nan nawa ka cika bin diddigi. In na mayar da uwar kuɗi, yara sun ci, na zuba adashi, to na samu."

24/
Ku lura da lissafin. Babu kuɗin aikinta a ciki. Babu hayaƙin da ya cinye mata ido har ta tsufa tana ganin dishi-dishi. Babu bayanta da ya ranƙwafa. Da Iya ta sa wa kowace awa farashi, da ba mai iya sayen ɗanwakenta a unguwar.

25/
Ga gyara, wadda dole ce, in ba ka ƙara ba a ce kin cika ƙwauro. Ga bashi: Iya ba ta karatun boko, a ka take riƙe wa mutum ashirin lissafi. Wani sai kaka ta yi zai biya da hatsi. Wani har ya mutu bai biya ba, ta ce ta yafe. Ga almajiri, shi ba a maganar kuɗi.

26/
Ta ba ni labarin farin 1973, shekarar da naira ta shigo. Hatsi ya yi wuya, ta rage wake ta ƙara rogo, ta rage girman ludayi, amma ba ta sauke tukunya ba. Bayan nan a 1975 cuta ta kama gyaɗa, mai ya yi tsada. Ta ce mutane suka riƙa cin ɗanwake da yaji zalla, ba wanda ya yi ƙorafi.

27/
To amma mace tana kulle, wa ke kai abincin waje? Nan ne mahaifiyata ta shigo labarin. Tun tana 'yar shekara bakwai take ɗaukar kwano a ka. Zagaye uku a rana: safe, hantsi, la'asar. Ta san kowane zaure, kowane majalisi, kowane mai cin bashi a garin.

28/
A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa. Aka zo rubuta yara. An rubuta ƙannenta maza. Ita Iya ta ce, "In ta tafi makaranta wa zai kai min talla? Da me zan yi mata kayan ɗaki?" Maganar ta mutu a nan.

29/
Kar ku yi saurin zagin Iya. Ribar tallan nan da ita ake tara kwanuka da langa da gado na auren yarinyar, kuma kayan ɗaki su ne jarin mace da mutuncinta a gidan miji. A idon Iya, gata take yi wa 'yarta. Enid Schildkrout, da ta yi nazarin yaran talla a birnin Kano daga 1976, ta tarar da wannan lissafi a gidaje da yawa.

30/
Amma sakamakon ga shi. Inna tana iya lissafin canji a ka fiye da ni mai digiri. Sai dai in saƙo ya shigo wayarta, jira take in dawo ko ta kira jika ya karanta mata. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Rannan ta miƙo min wayar ta ce, "Kai wannan, da an bar ni na yi ko aji uku ne."

31/
Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da tsince wake. Ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Duk wanda ya ci ɗanwaken Iya da arha a shekarun nan, karatun Inna yana cikin abin da ya ci. Ba su sani ba, ba laifinsu ba ne. Amma haka lissafin yake.

32/
Abincin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Gurasa ana danganta ta da Larabawan da suka zauna a birnin Kano. Awara ta yaɗu ne bayan an ƙarfafa noman waken suya, daga shekarun 1980 zuwa 1990. Indomie ta shigo ƙarshen shekarun 1980, daga baya ta mamaye teburin mai shayi. Abin da ake kira "na gargajiya" kullum yana karɓar baƙo.

33/
Duk lokacin da aka shiga matsi, mata ne ke nemo dabara. Bayan SAP na Babangida a 1986 nama ya fi ƙarfin mutane da yawa. Awara da ƙosai da wake suka toshe gurbin. Ba wani kwamiti da ya zauna ya tsara. Wata ce ta gwada a kaskonta, maƙwabciya ta gani ta ɗauka.

34/
Sai namu zamanin. Farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun naira, mai ƙosai ba ta da asusun banki, ciniki ya tsaya cak. 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin niƙa da na mota suka tashi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

35/
Kun tuna Fabrairun 2024 da mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa? Mata ne da galibi ba a jin muryarsu a titi. A lokacin ne kuma mutane suka koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake ba wa. In kun ga haka, tura ta kai bango.

36/
Kuma ƙaramin kuɗin da tsarin ya dogara a kai ya ɓace. Kwabo ya zama tarihi. Naira 5 da 10 ba abin da suke saye. Mai sayarwa ba ta iya gutsurawa daidai aljihun kowa kamar da. In ta ƙara kuɗi a gudu, in ta rage ludayi a yi mata gori, in ta bar shi yadda yake ta cinye jarinta.

37/
Goggona ce ta gaji tukunyar Iya, wurinta na kai abokin nawa. Bara ta kusa saukewa. Ta ce min, "Ɗan nan, wake ya tashi, mai ya tashi, itace ya tashi, mutane kuma bashi suke so. Abin da ya rage min shi ne in ƙara wa yarinyar nan zagaye." Yarinyar jikarta ce, tana aji biyar.

38/
Ƙarin zagaye na nufin tallan safe, tallan safe na nufin ba makaranta. Labarin 1976 zai maimaita kansa a gida ɗaya, da tukunya ɗaya. Inna ce ta fara magana, ita da ba ta cika sa baki ba. Ta ce, "Yaya, ni aka yi wa. Kar a yi wa wannan."

39/
Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Muka haɗa kuɗi mu uku muka saya mata wake da mai a lokacin kaka, kafin su tashi. Aka sa benci da rumfa a ƙofar gida, masu ci su zo da ƙafarsu. Yarinyar tana taya ta bayan an tashi daga makaranta kawai.

40/
Gaskiya ciniki ya ragu. Waɗanda suka saba a kai musu har inda suke, wasu sun koma wurin wata mai 'yar talla. Goggo tana mita, kuma tana da gaskiya. Ban san ko za mu iya riƙewa shekara mai zuwa ba. Amma yarinyar ta shiga aji shida, ita ke karanta wa Inna saƙo yanzu.

41/
Ba cewa nake ku daina cin abincin bakin hanya ba. Ku ci, ku kai abokai, ya fi na leda daɗi da amfani, kuma kuɗinku na shiga hannun da ke buƙata. Roƙona uku ne. In an ƙara naira 50 kar ku yi wa mai abinci tijara. In kun ci bashi ku biya. In kuna da hali, ku bar mata gyarar.

42/
Na huɗu, in yarinya ta kawo muku talla da ƙarfe goma na safe ranar makaranta, ku saya, amma ku san abin da kuke saye. In 'yar gidanku ce ko ta maƙwabta, ku yi magana da manya cikin ladabi, ku zo da mafita a hannu. Wa'azi ba tare da kwanon wake ba ba ya sauke talla.

43/
Abokin nawa da na ba shi labarin nan a hanyar komawa tasha, shiru ya yi. Da za mu rabu ya ce in kai wa Goggo wani abu, in ce kuɗin ɗanwake ne. Na kai. Ta ƙirga, ta ce, "Wannan yaron bai iya lissafi ba ne?" Ta cire kuɗin kwano biyu, ta ce in mayar masa da sauran. Da ƙyar na shawo kanta.

44/
Nan zan tsaya. In a gidanku akwai wadda ta yi sana'ar abinci, kaka ko uwa ko goggo, ku je ku tambaye ta tun tana raye: yaushe ta fara, da nawa, wa ya yi mata talla. Ku faɗa min garinku da abin da take sayarwa. Allah Ya jiƙan Iya da duk iyayenmu da suka ciyar da gari. Amin.